Lasisin Yanzu-Yanzu

Daga bakinta sunan ya fito. A ce mata ta ɗauko tsintsiya, ta ce "yanzu-yanzu." A ce yaro ya zubar da ruwa a aji, ta ce "yanzu-yanzu," kafin a waiwaya ta goge ta matse tsumma ta shanya. Shekara goma sha huɗu ke nan tana aiki a makarantar firamaren da ke bayan tashar mota, har ta kai hedimasta kansa sai ya buɗe fayil yake tuna sunanta na gaskiya.

Da shara ta fara. A ƙarshen baranda, kusa da famfo, akwai ajin yara masu buƙata ta musamman. Su tara ne: biyu a keken guragu, ɗaya ba ya magana, sauran kowa da irin tasa lalurar. Wata rana tana share ƙofar ajin sai wata yarinya ta zame daga kujera. Malamar ajin, wata dattijuwa mai tabarau, tana can kusurwa da wani yaro. Yanzu-Yanzu ta yar da tsintsiya, ta tallafo ƙeyar yarinyar da hannu ɗaya, ta zura ɗayan ƙarƙashin gwiwoyinta, ta mayar da ita, ta gyara mata matashi.

Malama ta dube ta ta saman tabarau.

"Ke, wa ya koya miki ɗaukar yaro haka?"

"Ƙanwata ce, Malama."

"Ma'aikaciyar jinya ce?"

"A'a. Ita ake ɗauka."

Yanzu-Yanzu tana da shekara tara aka haifi ƙanwar tata, Auta, da lalurar da ta sandarar mata da hannuwa da ƙafafu, ta kuma nauyaya mata harshe. Mahaifiyarsu tana fita aikin wanki tun da sassafe, don haka wankan Auta, da sa mata kaya, da ba ta abinci duk suka dawo kan yayar, kuma duk a cikin minti ashirin kafin a kulle ƙofar makaranta. A nan ta koyi sauri. A nan kuma lissafi ya kuɓuce mata, don shi ne darasin farko kullum, ita kuwa kullum sai an yi rabinsa take shiga tana haki. Da aure ya zo, sharaɗi ɗaya ta gindaya: inda za ta, Auta na biye. Mijin mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago a bakin kasuwa, mutum ne da zai iya shafe awa guda yana kallon ƙusa ɗaya mai girman ƙwayar yashi. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "To." Shekara ashirin da uku bai taɓa ƙara komai a kan wannan "to" ɗin ba.

Bayan abin da ya faru a ƙofar aji, Malama ta sa aka mayar da ita mai taimaka mata. Malama na koyarwa, Yanzu-Yanzu na ɗagawa, tana gogewa, tana ɗaurewa, tana kwancewa. Haka suka yi shekara goma sha ɗaya, har ranar da Malama ta ce ta ja kujera ta zauna.

"Saura min shekara uku da rabi in yi ritaya. Kin san doka, aji irin wannan ba ya tsayawa sai da malami mai lasisin wannan fanni. Sau huɗu hedimasta na rubutawa a turo wani, ko amsa ba a ba shi ba. Ranar da na tafi za a sa kwaɗo a ƙofar nan, a ce yaran su koma makarantar da ke can ƙarshen gari. Mota biyu ake shiga. Wace uwa ce za ta iya da keken guragu kullum?"

"To yaya za a yi, Malama?"

"Ke za ki karɓa."

Yanzu-Yanzu ta buɗe baki, karon farko kalmar nan tata ba ta fito ba.

A kwalejin horar da malamai, tagar karɓar fom na da ƙarfe uku da wani magatakarda mai biro a bayan kunne. Ya miƙo mata takarda ba tare da ya ɗago kai ba.

"Sashen ilimi na musamman? Takardar gama sakandare, kiredit biyar, dole da harshe da lissafi. Takardar likita. Takardar 'yan sanda mai nuna ba ki taɓa laifi ba, musamman wanda ya shafi yara. Wasiƙar shaida biyu, ban da ta miji, ban da ta ɗan'uwa. Hoto huɗu. Sai littafin awanni."

"Wane ne kuma littafin awanni?"

"Awa ɗari da ashirin a ajin irin yaran nan. Kowace rana a rubuta abin da kika yi, malami mai lasisi ya sa hannu, hedimasta ya buga hatimi."

"Ranka ya daɗe, ai shekara goma sha ɗaya nake cikin ajin."

"An rubuta?"

"A'a."

"To ba a yi ba. Na gaba!"

Ta sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ta fara ƙirga awannin daga ɗaya, kamar jiya ta zo. Malama na sa hannu tana tsaki. Takardar likita kwana biyu ta ci, ta 'yan sanda mako biyar da dangwalen yatsu goma. Lissafi ne ya ci shekara. Da yamma in an rufe shago, mai agogo yakan cire gilashin wani tsohon agogon bango ya ajiye a tabarma.

"Wannan kwata ne. Wannan rabi. Kwata da rabi nawa ke nan, Malama?"

"Ka daina ce min Malama, kada ka sa min baki."

"To, ɗaliba. Nawa?"

Ranar jarrabawa mai sa ido ya tare ta a ƙofar zaure, ya ce iyaye su jira a waje. Ta nuna masa katinta. Ya dubi hoton, ya dube ta, ya ce, "Yi haƙuri, Mama, kujera ta talatin da bakwai." Ta sami kiredit ɗin, mafi ƙanƙanta da ake bayarwa, amma magatakarda bai tambayi girmansa ba. A wajen intabiyu, mutum uku ne a bayan tebur. Suka tambaye ta dalilin da ya sa take son wannan fanni. Waɗanda suka shiga kafin ita sun yi ta maganar kishin al'umma. Ita ta ce, "Ajinmu za a rufe." Ɗaya ya yi dariya, ta tsakiyar ba ta yi ba, ta rubuta wani abu. Sunanta ya fito a allo.

Shekara biyu ta yi tana zuwa darasin yamma da na Asabar. Ta koyi rubuta wa kowane yaro tsarin koyonsa shi kaɗai, ta koyi maganar hannu daidai gwargwado, da farkon rubutun makafi. A zango na ƙarshe aka tura ta koyon aiki na wata guda a wata makaranta mai nisa, inda sai ta fita kafin Auta ta tashi. Ta roƙi maƙwabciyarsu ta riƙa shigowa tana sa wa Auta kaya. Kullum ta dawo takan tarar da Auta tsaf, maɓallai a jere, sai ta leƙa ta katanga ta yi godiya. Maƙwabciyar takan ce, "Haba, ba komai," ta yi saurin shigewa ɗaki.

Takardar kwaleji daban, lasisi daban. Hukumar ba da lasisi tana da nata matakan biyu: jarrabawar rubutu, sannan gwajin aji, inda jami'arsu za ta zo ta zauna minti arba'in tana kallon darasi. Gwajin aji sau biyu ake ba mutum. Wanda ya faɗi duka biyun sai ya sake shekara guda a ƙarƙashin wani malami mai lasisi. Yanzu-Yanzu ta haye ta rubutu. Saura wa Malama wata huɗu.

Jami'ar da aka turo wata siririyar mata ce mai magana ƙasa-ƙasa. Ta zauna a bayan aji da takarda a cinya da agogon ƙirga lokaci. Darasin ranar shi ne shirin tashi: kowane yaro ya sa littafinsa a jaka, ya zuge zif, ya sa takalmi. Yanzu-Yanzu ta rubuta wa kowa abin da zai yi da kansa. Wajen yarinyar da ake kira Gimbiya, 'yar shekara tara mai raunin hannun dama, wadda ta sami sunan don ba ta yin komai sai dai ta miƙo ƙafa a sa mata, ta rubuta: za ta zuge zif ɗin jakarta ba tare da an taɓa mata ba.

Darasi ya tafi kamar ruwa. Ba wanda ya yi kuka, ba abin da ya zube. Cikin minti ashirin da biyar yara tara sun shirya, jakunkuna a rufe, takalma a ƙafa, har aka sami lokacin waƙa sau biyu. Yanzu-Yanzu ta saci kallon Malama tana jiran murmushi, sai ta ga Malama ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi.

Da yara suka fita, jami'ar ta dubi Yanzu-Yanzu ta ce, "Zauna, Malama. Wa ya zuge jakar Gimbiya?"

"Ita ce."

"Ke ce. Kina magana da na kusa da ita, hannunki na hagu ya zuge. Ko kallon jakar ba ki yi ba." Ta juyo takardar. "Sau bakwai kika yi wa yara abin da kika rubuta da hannunki cewa su za su yi. Ga lokutan, na rubuta. A kwaleji me aka ce a yi kafin a taimaki yaro?"

"A jira daƙiƙa goma. Sannan a faɗa da baki. Sannan a nuna da yatsa. Sai a ƙarshe a taɓa."

"A takarda kin ci wannan tambayar duka. Yau mafi tsawon jiran da kika yi daƙiƙa biyu ne. Ban taɓa ganin mai kula da yara kamarki ba, gaskiya. Amma ba lasisin kula muke bayarwa ba. Nan da mako shida zan dawo."

Da ta tafi, Malama ta mayar da tabarau. "Har da laifina, 'yar nan. Shekara goma sha huɗu ina jin daɗin hannun nan naki, ban taɓa ce miki ki tsaya ba. Ni ma sauri nake so a tashi."

Washegari da safe Yanzu-Yanzu na durƙushe gaban Auta, tana sa mata riga mai maɓalli shida, tana ta faɗa.

"Wai sau bakwai! Mutum ya taimaki yaro ya zama laifi? Ita ta taɓa ɗaukar ko jaririn kyanwa? In zuba wa yarinya ido tana wahala, hannuna biyu lafiya lau?"

"Yaya," in ji Auta. Maganarta a hankali take fitowa, kowace kalma sai ta yi dambe da ita. "Ni dai ina..."

"Kina jin yunwa, na sani, yanzu-yanzu."

"A'a. Ina so..."

"Rediyo? Bari in gama in ɗauko miki."

"Yaya. Bari. In. Gama."

Hannun Yanzu-Yanzu ya tsaya a maɓalli na huɗu. Auta ta ɗaga nata hannun mai lanƙwasa, ta ture na yayar gefe. Ta danne bakin rigar da bayan hannun hagu, ta kama maɓallin tsakanin babban yatsa da gefen ɗan ali, ta tura. Ya kuɓuce. Ta sake. Ya kuɓuce. Goshinta ya yi gumi. A karo na biyar ya shiga.

"Tun yaushe?" in ji Yanzu-Yanzu.

"Tun kina... asibiti. Haihuwar... fari."

"Shekara ashirin da biyu? To maƙwabciya fa, watan nan da na yi ina fita?"

"Rana ɗaya... ta zo. Na sallame ta."

Daga tsakar gida, inda yake shan shayi, mai agogo ya ce, "Minti goma sha tara ta fara. Kafin watan ya ƙare ta dawo sha ɗaya."

"Au, kai ma ka sani?"

"Ni nake duba mata agogo daga nan waje. In ta gama ta buga ƙofa."

"Kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa min?" Ta juya kan Auta. "Ke me ya hana ki faɗa?"

"Na sha... farawa," in ji Auta. "Sai ki... ƙarasa min."

Yanzu-Yanzu ta zauna a ƙasa daɓas. Ba ta yi kuka ba, ba ta da lokacinsa, ƙarfe bakwai ta wuce. Amma ta zauna har Auta ta sa na biyar da na shida, ranar kuma a makare ta isa makaranta, abin da ba a taɓa gani ba.

Da yamma mai agogo ya kawo mata wani tsohon agogon aljihu mara sarƙa, mai ƙara kamar ana sara itace.

"Riƙe shi a baya da hannu biyu. In kika sake shi ya faɗi, ba ni da kayan gyaransa."

Mako shidan nan sun fi shekarar lissafi wuya. Yaran ba su yarda da sabon tsarin ba ko kaɗan. Gimbiya ta shiga yajin aiki: ta miƙo ƙafa, ta kawar da kai, ta jira. Yanzu-Yanzu na tsaye, hannuwa a baya, tana ƙirga goma, yatsunta na matse agogon har ya bar mata shaida a tafin hannu. Kwana uku Gimbiya na tafiya gida da jaka a buɗe. A na huɗu uwarta ta zo.

"Anti, an ce kin daina son 'yata. Wani abu muka yi miki?"

"Ba abin da kuka yi, Maman Gimbiya. A gida wa ke zuge mata jaka?"

"Ni mana."

"To ni da ke ne matsalarta. Ki ba ni wata guda."

Ta ɗaura wa zif ɗin zoben mabuɗi don yatsa ya sami wurin shiga. Ta koya wa Gimbiya danne jakar da gwiwar hannun da ba shi da ƙarfi, yadda ta ga Auta na danne riga. Sau biyu a mako na biyu Malama ta yi gyaran murya, Yanzu-Yanzu ta duba ta ga hannunta ɗaya ya riga ya isa takalmin wani. A mako na biyar Gimbiya ta kai zif ɗin rabi. Ba ta taɓa wuce rabi ba har ranar gwaji.

Jami'ar ta dawo da takardarta da agogonta, ta zauna a kujerar da ta zauna da farko. Darasin dai shi ne. Wannan karon bai tafi kamar ruwa ba. Wani yaro ya sa takalmi a juye, ta bar shi ya taka ya ji, sannan ta ce, "Duba yatsanka babba, ina yake so ya zauna?" Wani ya zubar da fensira ya tsaya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Minti talatin da biyar suka tafi, takwas sun shirya, saura Gimbiya.

Ta sa yatsa a zobe ta ja. Zif ya tafi, ya tafi, ya wuce rabi, sai ya ciji bakin yadin jakar ya tsaya cak. Ta ja da ƙarfi, ya ƙara cijewa. Aka buga ƙararrawa. Sauran azuzuwa suka fashe da hayaniya, yara takwas suka fara ja da baya da kujeru, hedimasta ya leƙo ta taga. Gimbiya ta ɗago ido cike da hawaye, ta turo jakar gaba.

"Anti."

Aikin daƙiƙa ɗaya ne. Yanzu-Yanzu ta ji hannunta na dama ya bar agogon, ya zagayo gaba da kansa. Ta gan shi a hanya. Ta naɗe yatsu huɗu, ta bar ɗaya, ta tsayar da shi nesa da jakar kamar faɗin tafin hannu.

"Duba nan. Ya ci yadi. Ja shi baya kaɗan tukuna."

"Ba zan iya ba."

"Baya kaɗan. Ina nan, ba inda za ni."

Ta mayar da hannun baya ta fara ƙirgawa. Ta kai goma, ta sake farawa. Gimbiya ta ja majina, ta danne jakar da gwiwar hannu, ta ja baya. Yadin ya fita. Ta ja gaba a hankali, harshe a waje, har zoben ya bugi ƙarshe. Ta dubi jakar, ta dubi Anti, ta ce da fushi, "To ai na yi."

Minti huɗu ke nan bayan ƙararrawa. Ba a yi bita ba, ba a yi waƙa ba, kuma dukansu suna cikin tsarin da ta miƙa. Jami'ar ta tattara takardunta, ta ce, "Za ki ji daga hukuma," ta fita.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo ofishin hedimasta. Maki sittin ake nema, ta sami sittin da huɗu. An zabtare mata na kiyaye lokaci gaba ɗaya. Lasisin na wucin gadi ne, shekara biyu, kuma kafin a mayar da shi cikakke sai ta kawo shaidar ƙarin horo na awa talatin da sabuwar takardar 'yan sanda. Malama ta karanta sau biyu, ta ciro mabuɗin aji daga jakarta tun saura mata wata biyu, ta ajiye a tebur.

"Riƙe. Kwaɗon yana da taurin kai, sai kin ɗaga ƙofar sama kaɗan. Kuma ki sayi sabon littafin awanni tun yau, kada su sake ce miki ba a yi ba."

Ajin yana nan a ƙarshen baranda, yanzu yara goma sha ɗaya ne. Suna tashi a makare kusan kullum, masu ɗaukar yara sun saba. Sunanta bai canza ba, sai dai an ƙara masa Malama a gaba.

A gida, takan ajiye wa Auta riga a bakin gado ƙarfe shida da rabi, ta ja baya ta jingina da ƙofa, hannuwa a baya.

"Yaya... fita."

"Ai ban taɓa ki ba."

"Numfashinki... yana... hanzarta ni."

Sai ta fita ta je ta wanke kofin da ta riga ta wanke. In Auta ta buga ƙofa, mai agogo ya duba hannunsa.

"Sha biyu yau. An koma baya."

"Ita... ta ja min," in ji Auta daga ciki.